Hannun Hagu na Boni Baduku

Duk wanda ya taɓa sayen takalmin fata a bakin Fagge, ta ɓangaren da ke kallon Sabon Gari, ya san Nkechi ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan gajera mai faɗin kafaɗa da ke zama a ƙofar shagon Boni Baduku, wadda in ka yi wa kayanta tayin wulaƙanci za ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, ka gaida gida," ta ci gaba da yankan fatarta kamar Allah bai yi ruwanka a wurin ba. Da yawa sun yi zuciya sun tafi. Yawancinsu kuma sun dawo da ƙafarsu, don takalmin shagon nan sai dai mai shi ya gaji da ganinsa ya bayar.

A Kano aka haife ta, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da ke kusa da tasha, inda mahaifinta ya yi aikin gyaran taragu har ƙarfinsa ya ƙare. Iyayenta Ibo ne daga Kudu, amma ita da Hausa ta fara tsiwa, kuma har gobe in ranta ya ɓaci da Hausa take faɗa, ko da a harabar coci ne. Garin iyayenta ta san shi ne irin sanin da baƙo ke yi wa gari: a je biki, a gaisa, a ci a sha, a kamo hanya. An sha yin lokutan da gari ya rikice, maƙwabta suka ɗaure kaya suka bi motocin Kudu, wasunsu ba a sake ganinsu ba. Nkechi ko cokali ba ta taɓa ɗaurewa ba. Takan ce kowa ya nufi inda aka binne cibiyarsa, ita dai tata tana nan bayan tashar jirgi.

Mijinta Boniface kuwa da ƙuruciyarsa aka kawo shi Kano don ya koyi sayar da kayan gyaran mota a wurin kawunsa. Ba a je ko'ina ba ya gane shi da ƙarfe jininsu bai haɗu ba. Wani tsohon baduku a Fagge ya lura da yadda yake tsayawa kullum yana kallon aikinsa baki buɗe, ran nan ya miƙa masa basilla ya ce ya zauna. Zaman da ya yi ke nan. Kawu ya yi faɗa har ya gaji, sunan Boni Baduku kuma ya bi shi, har wasu suka ɗauka da shi aka yi masa baftisma.

Da suka yi aure, aikin ya rabu da kansa ba tare da wani zama ba. Nkechi ce mai zuwa majema ta zaɓo ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa mai kauri, ta shinshina, ta lanƙwasa, ta yi wa majema ciniki har su roƙe ta ta tafi. Ita ce mai aune, ita ce mai yanka. Boni ɗinki ne nasa. Zai matse fata ninki uku tsakanin gwiwoyinsa, ya huda da basilla, ya zura zare mai kakin zuma ta nan ya zura wani ta can, sannan ya ware hannuwansa biyu ya ja har ka ji fatar ta yi ƙara. Haka suke yin takalma masu kaurin ƙasa, da bel na masu gadi, da maɗaurin da 'yan dakon Kantin Kwari ke ɗaure dilar yadi da shi. Da wannan suka rayu, da shi suka aurar da 'yarsu Amarachi a Kaduna.

Abu ɗaya Boni ya raina a duniya, shi ne keken ɗinki. Abin teloli yake ce masa. In wani ya kawo masa gyaran takalmin da keke ya ɗinka, sai ya sa farce ya tsinke zare ɗaya, ya ja, layin ya warware gaba ɗaya, ya ɗaga wa mai shi yana murmushin mugunta. Nkechi takan ce masa ya rage wannan hali, amma a ranta ita ma daɗi take ji.

Wata safiya da damina basilla ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi ta. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin hagu. Da magani da gashin jiki, bakinsa ya dawo daidai, ƙafa ma ta yarda ta ɗan riƙa jan ƙasa in da sanda. Hannu ne ya ƙi. Yana nan rataye a kafaɗa, ba ya ji, ba ya motsi.

Nkechi ba ta zauna kuka ba, don ba ta iya shi a gaban mutane ba. Ta riƙa buɗe shago, ta ba wasu dukawa ɗinki, masu saye suna juya takalmi suna cewa, "Maman Amarachi, wannan ba hannun Oga ba ne." Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mata da hankali yana gida. Mutumin da a da ko gishiri ya yi yawa a miya sai unguwa ta ji, yanzu ya koma zaman bakin taga. Ya daina aski. Ya daina tambayar wa ya zo shago. In ta kawo abinci ya ci, in ta ɗauke bai ce don me ba. Ta gwada tsokanarsa, ta ce ɗinkin sabon badukun ya fi nasa kyau, ko zai harzuƙa. Ya ce, "To, madalla."

Ana cikin haka yayansa Chukwuma ya iso daga Kudu. Dattijo ne mai sayar da manja, mai sanyin magana, kuma ba wanda zai ce ba ya son ƙaninsa. Ya kwana biyu yana kallon zaman tagar nan, sannan ya kira Nkechi gefe ya yi mata magana da harshensu.

"Matarmu, ba da mugunta na zo ba. Dangi sun zauna. Namiji in ya kai haka, gida ake kai shi tun yana iya shiga mota da ƙafarsa. Kin san wahalar ɗaukar akwati daga nan zuwa can. In motocin Kirsimeti sun fara tashi, da shi zan koma."

"Dede," in ji ta, don haka ake kiran babban wa a wajensu, "wa ya ce maka mutuwa zai yi?"

"Ba wanda ya ce. Amma me yake yi a nan?"

Tambayar nan ba ƙaramin ciwo ta yi wa Nkechi ba. Ta san al'adar sarai. Ta ga mazan Sabon Gari da aka kai gida haka: a shimfiɗa wa mutum tabarma a gindin bishiya, 'yan'uwa su yi ta zuwa sannu, kafin shekara ta zagayo sai saƙo ya iso a fara ɗinkin ankon jana'iza. Ba cuta ke ƙarasa su ba, zaman ne. Ta juya ta tambayi Boni ra'ayinsa, tana fatan ya daka wa yayansa tsawa. Ko kallonta bai yi ba ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne."

Washegari ta naɗe guntun ƙirgi mafi tauri da take da shi, ta sa a jaka, ta nufi shagon Hajiya Ruwaida.

Hajiya Ruwaida 'yar Fagge ce gaba da baya, tare suka yi firamare da Nkechi, kuma tun a lokacin ba sa haɗuwa ba su yi musu ba. Ta gaji shagon kekunan ɗinki daga mahaifinta, tun daga ƙananan na teloli har manyan da masu tampol da masu kujerun adaidaita sahu ke saye. Tana ganin ƙawarta ta tafa hannu.

"Yau kuma matar Boni Baduku ce a shagon teloli? Ko hanya kika ɓata?"

"Hajiya, bar tsiya. Nuna min mai cin ƙirgi ninki uku bai yi tari ba."

Aka tayar da janareto. Nkechi ta zauna a gaban keke na farko, ta yi wani abu da ya sa masu ciniki suka juyo: ta mayar da hannunta na hagu baya, ta cusa shi a ƙugun zaninta, ta ɗaure tam. Hajiya Ruwaida ta buɗe baki za ta yi zolaya, sai ta gane, ta rufe.

Na farkon irin na masu tampol ne, ƙato, mai gudun tsiya. Tana taɓa feda ya yi kururuwa ya fizgi fatar, allura ta karye ta yi tsalle. Nkechi ta ce wannan ai sai mai hannu huɗu. Aka kawo mata ɗan ƙarami na masu gyaran takalmi, wanda ake juya wilinsa da hannu. Yana huda fata lafiya lau, amma in hannu ɗaya yana juyi, wa zai riƙe aikin? Ta ture shi. Akwai wani a bakin ƙofa mai shimfiɗaɗɗen tebur, faffaɗa, wanda Hajiya ta ce ƙarfinsa ya kai, ƙafarsa kuma tana takawa tare da fata tana janta da kanta. Nkechi ta yi masa kallo ɗaya ta taɓe baki. Ta ce kamanninsa sak na teloli, kuma in aka kafa teburin nan a shagonsu sai dai masu saye su tsaya a titi. Ko zama ba ta yi a kansa ba.

Wanda ya shiga ranta shi ne mai siririn hannu. Ba shi da tebur a gaba, sai wani dogon ƙarfe da ya miƙo waje, allura a bakinsa, ta yadda za ka zura jaka ko takalmi ka juya shi duk inda kake so. Shi ma ƙafarsa mai takawa ce. Motonsa na zamani ne mai maɓalli, ana rage masa gudu har allura ta riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Abin ɗaga ƙafar keken kuma da gwiwar dama ake ture shi, ga feda a dama. Komai a dama, kamar don Boni aka ƙera shi. Ta ɗora ƙirginta ninki uku, ta taka. Ya ratsa shi ba gardama. Ta yi layi miƙaƙƙe, ta yi kwana, ta dawo, duk da hannu ɗaya. Ta sake yi har gumi ya jiƙa mata ɗankwali, sannan ta kwance hannunta ta miƙe tana huci irin na wanda ya ci gasa.

"Wannan. Na ɗauki adashena, a shirye nake. Gobe a kai min shi shago, in ya so ya zo ya tarar da shi a kafe."

"Ba zan sayar miki ba," in ji Hajiya Ruwaida.

"Kamar yaya? Kuɗin nawa jabu ne?"

"Wa zai hau?"

"Kin fi kowa sani."

"To shi zai zo ya zauna. Tun zamanin Baba, babban keke ba ya fita daga shagon nan sai mai hawansa ya ɗora ƙafa a kai. Ke da kike sayar da takalmi, kin taɓa yarda wani ya gwada wa wani?"

"Ai na gwada da hannu ɗaya! A gabanki!"

"Na gani. Kawo shi dai."

Nkechi ta kira ta mai taurin kai, ta ce tun suna aji uku haka take, ta suri jakarta ta fita ko sallama babu. Haushinta biyu ne. Na farko an hana ta abin da ta tabbata ta yi daidai a kansa. Na biyu, wanda ya fi ci mata rai, yanzu dole ta buɗe baki ta ce wa Boni Baduku ya hau keke.

Ta same shi da rana a inda ta bar shi. Chukwuma ya fita gaida 'yan garinsu. Ta ajiye masa guntun ƙirgin a cinya. Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya ɗauka, ya juya bayansa, ya bi layin da babban yatsa.

"Keke," in ji shi.

"Keke ne. Na samo wanda za ka iya da hannu ɗaya."

"Ni? Abin teloli? Da girmana?"

Nan fa abin da ta daɗe tana dannewa ya ɓalle.

"Wane girma? Girman zaman taga? Baban Amarachi, ka dube ni. An zo za a ɗauke ka kamar buhun gero, kana cewa duk yadda aka yi daidai ne. Ka san abin da ake kai mutum ya jira a can. In ka hau motar nan, ni na san ba zan sake ganinka a tsaye ba." Muryarta ta karye, abin da bai taɓa ji ba tun da ya aure ta. "Tsoro nake ji, Boni. Wallahi tsoro nake ji."

Ya sake duban fatar. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"Zan je. Ba don komai ba, don kada ki zubar da adashenki a kan shirme."

Da safe suka tari adaidaita sahu su uku, don Chukwuma ya ce ba zai bari a wahalar da mara lafiya ba shi yana zaune. Nkechi ta shiga gaba-gaba, ƙirjinta a buɗe, ta riga ta ga ƙarshen zancen. Hajiya Ruwaida ta tarbe su da fara'a, ta ce, "Oga Boni, yau shagona ya yi albarka," ya amsa mata a daƙile. Aka zaunar da shi a gaban mai siririn hannu. Nkechi ta shiga nuna masa nan ne kaza, nan ne kaza, sai ka ce ita ta ƙera shi.

Ya ɗora fatar a kan siririn ƙarfen, ya riƙe da dama, ya taka. Allura ta sauka, ta sake sauka. Sai nauyin ƙirgin ya rinjaya ta hagu, inda babu abin da zai tare shi. Ya sunkuya zai gyara, hannunsa na hagu ya zame daga cinya ya faɗa ƙasa yana lilo, ya ja kafaɗarsa, jikinsa duka ya karkata. Layin ya tafi a karkace ya fita daga fatar. Chukwuma ya yi wuf ya tare shi kada ya faɗo daga kujera.

Aka gyara masa zama. Ya sake gwadawa. Haka aka sake yi, har ma ya fi na farko muni.

Wasu teloli biyu da suka zo sayen allura suka sunkuyar da kai, don sun san ko wane ne. Nkechi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ta jawo shi bainar jama'a, ita ta tara masa 'yan kallo, kuma a gaban yayansa.

"Jiya na yi shi," in ji ta. "Hajiya shaida ce. Da hannu ɗaya na yi."

"Zauna ki yi in gani," in ji Boni.

Ta zauna a wata kujera da aka jawo mata, ta cusa hannu a zani, ta taka. Layi ya fita sumul.

"Kin gani? Kafaɗarki ta hagu tana aiki. Ƙugunki yana aiki. Kin tokare fatar da cikinki ba ki ma sani ba." Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗa zafi. "Ke ɓoye naki kika yi, Maman Amarachi. Ni nawa ba ya ɓoyuwa. Yana nan, kuma nauyi gare shi."

Chukwuma ya dafa kafaɗar ƙaninsa. "Ya isa haka. Mu je gida ka huta."

Boni bai musa ba. Ya yunƙura da sanda, ya yi taku kaɗan zuwa ƙofa, sai numfashi ya gaza masa. Ya ce a ba shi wuri ya ɗan ajiye hannun nan, ya ishe shi da ja. Kujerar da ta fi kusa ita ce ta keken bakin ƙofa, mai shimfiɗaɗɗen tebur, wanda Nkechi ta taɓe wa baki. Hajiya Ruwaida ta zaunar da shi a nan. Ya sa dama ya kamo hagun ta wuyan hannu, ya ɗaga shi, ya sauke a kan teburin kamar mai ajiye kaya. Guntun ƙirgin da ya taho da shi yana wurin, hannun ya faɗa a kansa.

Ya zauna yana mayar da numfashi. Nkechi tana tsaye a bayansa tana neman kalmar ban haƙuri, ita da ba ta saba ba. Sai ta ga ya sa yatsa ya ja gefen fatar. Fatar ba ta motsa ba. Ya ƙara ja da ɗan ƙarfi. Ta taho a hankali, hannun yana biye da ita, a danne, ba ta karkata ko'ina ba. Ya tura ta gaba, ya dawo da ita. Kafaɗarsa kuma ta daidaita, tunda tebur ya karɓi nauyin.

"Hajiya," in ji shi, "wannan ma ana rage masa gudu?"

"Irin moton ɗaya ne, Oga."

"Rage shi. Ƙara ragewa. Allurar nan ta yi siriri, sa babba. Zaren nan kuma na ɗinkin kaftani ne ko me? Ba ku da zare a shagon nan?"

Hajiya Ruwaida ta dubi Nkechi ta gefen ido, ta tafi da kanta ta ɗauko zare mai kauri. Ta zura, ta gyara, ta koma gefe. Boni ya ture abin ɗagawa da gwiwa, ya shigar da ƙirgin ninki uku, ya sake ɗaga hannun hagu ya dasa shi a inda yake so. Ya taka.

Allura ta riƙa sauka a natse, keken yana jan fatar da kansa, dama tana ba ta hanya, hagu tana danne da ita tana tafiya tare. Layin ya miƙe. Da ya zo kwana ya fara juya aikin, sai hannun ya juyo tare da fatar, yatsun suka nufi bakin allura, shi kuwa idonsa yana kan zare, ba abin da yake ji. Nkechi ta yi ƙara ta cafke wuyan hannun ta fizge shi sama.

Ya ɗaga ƙafa daga feda. Ta ɗauka ya tsorata. Ashe haushi ya ji.

"Wa ya ce ki ɗauke? Kin ga kin ɓata min kwana! Matsar da shi za ki yi, ba ɗaukewa ba. Tsaya nan ta hagu, idonki a kan yatsun. In sun matso ki ja su baya kaɗan. Shi ke nan aikinki."

"To, ranka ya daɗe," in ji Nkechi. Telolin nan biyu suka fashe da dariya, ita ma ta yi, hawaye na zuba ba ta damu da wa ya gani ba.

Suka sake daga farko. Ya yi kwanar, ta ja yatsun baya, ya wuce. Da ya kai ƙarshe Hajiya ta yanke zaren, ya ɗaga fatar ya duba gaba, ya duba baya, ya sa farce ya gwada tsinkewa. Zaren ya ƙi. Ya ɓata fuska.

"Ɗinkin keke ne dai. Amma in na ƙulle bakin zaren da kaina, zai yi."

"Teburin fa?" in ji Hajiya Ruwaida da gangan. "Wata ta ce min ba zai shiga shagonku ba."

"A fitar da bencina," in ji Nkechi. "Na zauna a titi."

Chukwuma duk wannan yana tsaye riƙe da sandar ƙaninsa. Can ya yi gyaran murya ya ce, a hankali, ya kamata dai a tuna an riga an gaya wa dangi, kuma motoci sun kusa fara tashi. Boni ya dubi ƙafafun yayansa, ya ga wani takalmin roba da ya sha duniya.

"Dede, da wannan kake yawo a gari, kana da ƙani baduku? Cire ka taka nan. Maman Amarachi, zana min ƙafarsa."

Ta ciro wani ƙirgin da ta zo da shi a jaka, ta shimfiɗa a ƙasa, dattijon ya taka yana waige-waige, ta bi gefen ƙafarsa da biro.

"Yaushe zan karɓa?" in ji Chukwuma.

"Ba kafin Kirsimeti ba. Sai an kai keken, an kafa, na koya masa hankali. In ka zo bikin Ista ka tarar da shi."

Chukwuma ya daɗe yana kallonsa. Ya gane abin da aka gaya masa. Ya sunkuya ya mayar da takalmin robarsa, ya ɗauki lokaci fiye da yadda sa takalmi ke bukata, da ya ɗago idanunsa sun yi ja. Ya ce zai gaya wa dangi.

Boni ya riga ya juya ga keken. Ya ce ba za a biya ba sai ya gwada shi da ninki huɗu, don shi ba a yi masa sayen gaggawa. Nkechi ta yanko, ta ninka, ta shigar masa. Sannan ta sa hannu biyu ta ɗago hannun nasa don ta ɗora. Tun da ciwon ya same shi take wanke hannun nan, tana shafa masa mai, tana zura shi a riga, amma ba ta taɓa tsayawa ta ji shi ba. Ɗumi gare shi. Ga kantar zare nan a gefen yatsu, ba ta goge ba. Kunya ta kama ta, don ta gane ita ma tuni ta sa shi a lissafin matattu, ba dangi kaɗai ba. Ta riƙe shi a ƙirjinta ta kasa saukewa.

Boni ya jira ta kaɗan. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Saki hannun nan, Maman Amarachi. Aiki gare shi."

Ta sauke shi a kan fatar, ta gyara masa yatsun, ya taka.